Baƙin Mako Biyu a Gidan Marayu: Sharhi kan Aikin Sa Kai na Coci-coci a Ƙasashen Waje

Kowace shekara, musamman idan makarantu suka tafi dogon hutu, dubban coci-coci a Amurka, da wasu a Kanada, Birtaniya da Ostireliya, sukan shirya ayarin mabiyansu su tura su wata ƙasa domin aikin mishan na ɗan gajeren lokaci, wanda galibi ba ya wuce mako ɗaya ko biyu. Masanin zamantakewa Robert Wuthnow na Jami'ar Princeton ya taɓa ƙiyasta cewa Amurkawa kimanin miliyan 1.6 ne ke yin irin wannan tafiya a shekara. Wasu gini ke kai su, wasu aikin jinya, wasu wa'azin bishara, amma babu zangon da ya kai gidan marayu farin jini a wurin matasa, domin a nan ne mutum yake ganin amfanin zuwansa da idonsa tun ranar farko. Yara za su taho a guje su rungume shi, a yi waƙa, a yi addu'a, a raba tufafi da littattafai, a ɗauki hotunan da za a nuna wa jama'a ranar Lahadi bayan an koma gida.

Niyyar masu wannan tafiya ba abar zargi ba ce, kuma duk wanda ya fara maganar da yi musu ba'a ya riga ya rasa masu sauraro. Yawancinsu sun shafe watanni suna tara kuɗin jirgi, sun roƙi 'yan'uwa da abokai gudummawa, sun sadaukar da hutunsu, kuma abin da ya tashe su yana rubuce a cikin Littafi Mai Tsarki. Wasiƙar Yakubu 1:27 ta sanya kula da marayu da gwauraye a cikin wahalarsu a matsayin alamar addini mai tsarki a gaban Allah, kuma tarihin Kirista cike yake da mutanen da suka riƙe wannan umarni da gaske, irin su George Müller wanda ya fara tara marayu a birnin Bristol a shekarar 1836 kuma ya kula da yara kusan 10,000 a tsawon rayuwarsa. Matsalar tana wani wuri dabam. Ziyarar da baƙo yake ɗauka a matsayin ɗan taimako ga gidan da ya tarar a tsaye, a wurare da yawa ita ce ginshiƙin da ya tsayar da gidan, kuma ita ce dalilin da ya sa aka raba wasu yaran da iyayensu tun farko. Wannan magana ce mai nauyi, saboda haka dole a bi ta daki-daki.

Abu na farko da ya kamata a tambaya shi ne su wane ne yaran da ke cikin waɗannan gidaje. Ƙungiyoyin da suka daɗe suna bin diddigin lamarin, ciki har da Save the Children a rahotonta na 2009, sun nuna cewa aƙalla huɗu cikin kowane yara biyar da ke zaune a gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba a raye, wasu ma duka biyun, kuma akasarin sauran suna da kakanni ko wasu dangi na kusa. Adadin yaran gaba ɗaya ba a kansa aka tsaya ba, domin gidaje da yawa ba su da rajista, amma wani bincike da aka wallafa a 2020 a ɗaya daga cikin mujallun likitanci na Lancet ya ƙiyasta kimanin miliyan 5.4. A gefe guda kuma akwai wani adadi da ake yawan ambatawa a kan mumbari idan ana neman baiko, wato cewa duniya tana da marayu miliyan 140. Adadin na UNICEF ne na shekarar 2015, kuma daidai ne, sai dai ya haɗa duk yaron da ya rasa ko da ɗaya daga cikin iyayensa. Waɗanda suka rasa duka biyun miliyan 15.1 ne, kuma mafi yawansu suna hannun dangi. Mai sauraro a coci yakan zana wa kansa hoton yara miliyan 140 da ba su da kowa, ya ga cewa babu mafita sai a gina gidaje, alhali abin da adadin ke nunawa shi ne miliyoyin iyalai da suka rasa mai ciyar da su suna fama su riƙe 'ya'yansu.

To me ke sa uwa mai rai ta miƙa ɗanta ga gidan marayu? Talauci ne a kan gaba, kuma a cikin talaucin ma kuɗin makaranta ne ya fi komai tura iyaye. Bayansa akwai naƙasa, inda babu asibiti ko makarantar da za ta karɓi yaro a kusa, sai mutuwar aure, sai bala'o'i irin su girgizar ƙasa da ambaliya. Idan mace tana da yara biyar, ba ta iya ciyar da su sau biyu a rana, sai ga wani gida a cikin gari mai katanga da rijiyar burtsatse, inda ake cin abinci sau uku, ake koyar da Turanci, kuma baƙi ke zuwa da kyaututtuka, ba rashin ƙauna ne zai sa ta kai ɗaya ko biyu ba. Ƙaunar ce ma take kai ta. Abin da ya kamata ya dami mai ba da gudummawa shi ne cewa zaɓi ɗaya tak aka ajiye mata: taimakon yana nan, amma sai ta rabu da ɗanta kafin ya same shi.

Daga nan ne kuɗi ke shigowa, kuma a nan gizo ke saƙa. Gidan marayu mai zaman kansa a ƙasa matalauciya da wuya ya samu wani abin kirki daga gwamnati. Abincinsa, albashin ma'aikatansa da gininsa duk daga waje suke zuwa, daga kuɗin da ayarin baƙi ke biya na masauki da abinci, daga tsarin ɗaukar nauyin yaro wata-wata, da kuma daga baikon da coci ke tarawa bayan ayarin ya koma ya ba da labari. Wani bincike da cibiyar Barna ta fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa Kiristocin Amurka kaɗai suna ba gidajen marayu kimanin dala biliyan 2.5 a shekara. Tun da yawan kuɗin da ke shigowa ya dogara ne ga yawan yaran da ke kan gado, kowane yaro da aka mayar wa iyayensa raguwa ce a asusun gidan, kowane sabon yaro kuma ƙari ne. Ba sai mai gidan ya zama mugu ba kafin wannan lissafi ya rinjaye shi. Mutumin kirki ma da yake da ma'aikata ashirin suna jiran albashi zai iske cewa mayar da yara gida yana nufin rufe wurin da ya gina da guminsa.

Kambodiya ta fito da wannan fili. Rahoton da UNICEF ta tallafa aka fitar a 2011 ya nuna cewa gidajen marayu a ƙasar sun ƙaru da kashi 75 cikin 100 tsakanin 2005 da 2010, a lokacin da ƙasar ba ta cikin yaƙi ko wata annoba da za ta ninka marayu, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na yaran suna da uwa ko uba. Abin da ya ƙaru a shekarun shi ne baƙi masu yawon buɗe ido, kuma gidajen sun fi yawa a inda baƙin suke sauka, kamar Siem Reap kusa da tsoffin gine-ginen Angkor Wat da kuma babban birnin ƙasar, Phnom Penh. A Nepal labarin ya fi muni. A lokacin yaƙin basasa na 1996 zuwa 2006, dillalai sun riƙa shiga ƙauyukan kan tsaunuka, irin su na gundumar Humla, suna karɓar kuɗi daga iyaye da alkawarin kai 'ya'yansu makarantar kwana a Kathmandu, sai su ƙirƙira takardun mutuwar iyayen su zuba yaran a gidajen marayu domin jawo kuɗin baƙi. Masana shari'a irin su Kate van Doore ta Jami'ar Griffith a Ostireliya sun yi ta bayanin cewa wannan safarar yara ce, ko da an yi ta da sunan jinƙai. A wasu gidajen an samu rahoton cewa da gangan ake barin yara cikin tsumma da ƙarancin abinci, domin gida mai tsabta da yara ƙosassu ba ya motsa zuciyar baƙo kamar yadda rufin da ke yoyo yake yi, kuma ana sa yara su yi rawa da waƙa ga kowane sabon ayari.

Haiti ce ta fi shafar coci-cocin Amurka kai tsaye, saboda kusancinta da kuma yawan ayarin da suka riƙa zuwa can. Ƙungiyar Lumos ta fitar da rahoto a 2017 wanda ya nuna cewa yara kimanin 30,000 ne ke zaune a gidajen marayu kusan 750, kashi 80 cikin 100 na yaran suna da uwa ko uba a raye, kuma aƙalla dala miliyan 70 ke shiga kashi ɗaya cikin uku kacal na gidajen a kowace shekara, akasari daga masu ba da gudummawa na addini a Amurka. Da hukumar jin daɗin jama'a ta ƙasar ta duba gidajen, 35 kawai cikin 754 ta samu sun cika mafi ƙarancin sharuɗɗa. Bayan girgizar ƙasa ta 12 ga Janairun 2010, an kama wasu 'yan cocin Baptis su goma, yawancinsu daga jihar Idaho, a kan iyaka suna ƙoƙarin ƙetarawa da yara 33 zuwa Jamhuriyar Dominikan ba tare da takardu ba, da nufin buɗe gidan marayu a can. Da aka bincika sai aka iske kusan dukan yaran suna da iyaye, waɗanda suka miƙa su saboda an yi musu alkawarin ilimi da kyakkyawar rayuwa. Shekara goma bayan haka, a watan Fabrairun 2020, gobara ta tashi a wani gidan marayu da ke kusa da babban birnin ƙasar, Port-au-Prince, wanda wata ƙungiyar addini daga jihar Pennsylvania ke gudanarwa, mutum 15 suka mutu, akasarinsu yara, a gidan da ya riga ya kasa cika sharuɗɗan hukuma kuma ake kunna kyandir a cikinsa saboda matsalar wuta.

Mai karatu zai iya cewa waɗannan gurɓatattun gidaje ne, kuma cocinsa ya san fasto mai riƙon amana da yake hulɗa da shi shekara da shekaru. Wannan na iya zama gaskiya, kuma akwai irin waɗannan gidaje da yawa. Sai dai akwai wata illa da ba ta da alaƙa da cin amana, wadda take faruwa ko a gidan da ya fi kowane tsabta, kuma ita ce ta fi shafar ɗan sa kai da kansa.

Tun a 1951, likitan ƙwaƙwalwa na Birtaniya John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto yana bayanin cewa ƙaramin yaro yana buƙatar babba guda, ko 'yan kaɗan tsayayyu, da zai shaƙu da su, wanda idan ya yi kuka za su amsa, yau da gobe da jibi. Abin da ya tabbatar da maganar ga duniya shi ne Romaniya. Bayan faɗuwar shugaban ƙasar, Nicolae Ceaușescu, a watan Disambar 1989, an gano yara sama da 100,000 a gidajen gwamnati, sakamakon dokar 1966 da ta tilasta yawan haihuwa a cikin matsanancin talauci. A shekarar 2000 wasu masana uku, Charles Nelson, Nathan Fox da Charles Zeanah, suka fara wani bincike a Bucharest da ƙananan yara 136, inda aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo aka ci gaba da bin dukansu shekaru da yawa. Waɗanda aka mayar cikin iyali sun fi sauran ci gaba a basira, a magana da kuma iya shaƙuwa da mutane, kuma bambancin ya fi fitowa ga waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu. Binciken Michael Rutter a kan yaran Romaniya da iyalan Birtaniya suka ɗauka ya nuna cewa waɗanda suka wuce wata shida a cikin waɗancan gidaje sun fi fuskantar matsalolin da suka bi wasunsu har girma. Gidajen Romaniya sun kai maƙura a muni, kuma ba daidai ba ne a ce kowane gidan marayu haka yake, amma tushen cutarwar iri ɗaya ne a ko'ina: yara da yawa, masu kula kaɗan, suna aiki bi da bi, suna zuwa suna tafiya.

Yanzu a ɗora ayarin baƙi a kan wannan. Yaron da ya riga ya rabu da uwarsa ya samu wata budurwa mai fara'a da ta ɗauke shi, ta goya shi, ta koya masa waƙa, ta ce tana ƙaunarsa, kuma da gaske take. Bayan kwana goma ta shiga mota tana kuka ta tafi. Mako biyu bayan haka wata ta zo, ita ma ta tafi. A shekara guda yaron zai iya yin irin wannan rabuwa sau da yawa, kuma abin da yake koya shi ne cewa duk wanda ya nuna masa ƙauna tafiya zai yi, don haka ko dai ya manne wa kowa ko ya daina yarda da kowa. Wannan rungumar da baƙo yake gani a ƙofar gida tun kafin ya sauke jakarsa, wadda ita ce yake ba da labarinta da hawaye idan ya koma, likitocin yara sun san ta a matsayin alamar rauni. Yaro mai shekara uku da ya tashi a hannun uwarsa, idan ya ga baƙon fuska, ɓuya yake yi a bayanta sai ya ga ta saki jiki. Yaron da ke faɗawa jikin duk wanda ya shigo ya rasa wannan garkuwa, kuma rashinta ne zai sa ya zama mai sauƙin yaudara ga duk mai mugun nufi, yanzu da kuma bayan ya girma. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a cikin lamarin gaba ɗaya, domin ba ta buƙatar a samu ɓarawo ko azzalumi a cikin labarin. Mutanen kirki zalla sun isa su jawo ta.

Masu mugun nufin kuma suna nan. Gidan da ya saba buɗe ƙofa ga duk wanda ya zo da sunan coci, ba tare da binciken tarihinsa ba, har a bar shi ya kwana kusa da yara, ya buɗe ta ga kowa. A 2016 wata kotun tarayya a Amurka ta yanke wa wani matashi ɗan jihar Oklahoma hukuncin ɗaurin shekara 40 saboda lalata da yara a wani gidan marayu da ke Kenya, inda ya je aikin sa kai na mishan a 2014. Yana da kyau a lura cewa a ƙasashen da ke tura waɗannan ayari, babu wanda zai bari baƙi daga wata nahiya, marasa horo, waɗanda ba su jin harshen yaran, su shiga wurin da ake kula da yara masu rauni su ɗauke su hoto su saka a Facebook. Ƙasashen ma sun daɗe da barin tsarin manyan gidajen marayu. Tun a 1909, taron da Shugaba Theodore Roosevelt ya kira a Fadar White House ya yanke cewa bai kamata a raba yaro da gidansu saboda talauci kaɗai ba, kuma a cikin shekarun da suka biyo baya Amurka ta koma ga tallafa wa iyaye mata da tsarin riƙo. Abin da coci ba zai yarda a yi wa 'ya'yan unguwarsa ba, da wuya a samu hujjar da zai sa ya biya kuɗi a yi wa 'ya'yan wasu.

Akwai hujjoji a ɗaya ɓangaren da suka cancanci a saurare su. Binciken da Kathryn Whetten ta Jami'ar Duke ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2009, ya duba yara masu shekara 6 zuwa 12 a Kambodiya, Habasha, Indiya, Kenya da Tanzaniya, ya kuma samu cewa waɗanda ke gidajen kulawa ba su fi marayun da ke hannun dangi shan wahala ba, a wasu ma'aunai ma sun ɗan fi su. Wannan gargaɗi ne ga masu ɗaukar cewa kowane gida na iyali aljanna ne, domin akwai yaran da dangi ke bautar da su, akwai kuma waɗanda gidan iyayensu ne wurin haɗari. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan kula da yaran da ba sa hannun iyayensu ma ba su haramta gidajen kulawa baki ɗaya ba. Sun amince da ƙananan gidaje masu kama da iyali idan su ne suka fi dacewa da wani yaro, tare da cewa 'yan ƙasa da shekara uku a cikin iyali ya kamata a sa su, kuma talauci kaɗai ba dalilin raba yaro da iyayensa ba ne. Amma a lura da iyakar wannan hujja. Abin da take karewa shi ne gida mai tsayayyun masu kula 'yan ƙasa, waɗanda yaran suka sani shekara da shekaru. Ba ta ce komai ba game da amfanin baƙin da ke sauyawa kowane mako biyu, kuma dangin da aka kwatanta da su a binciken matalauta ne da ba su samun ko kaɗan daga kuɗin da ke kwarara zuwa gidajen.

Hujja ta biyu ita ce tafiyar tana sauya zuciyar mai tafiya, ta mayar da shi mai bayarwa har ƙarshen rayuwarsa. Wasu kam haka ta yi musu. Sai dai Kurt Ver Beek na Kwalejin Calvin, wanda ya bi diddigin ayarin da suka je gina gidaje a Honduras bayan guguwar Mitch ta 1998, ya samu cewa ƙarin bayarwar da mahalarta suka ce sun yi bai fito sosai a cikin takardun kuɗi ba, kuma ayarin sun kashe kimanin dala 30,000 a kan gidan da ƙungiyar Kirista ta cikin ƙasar ke ginawa da dala 2,000. Ko da ma an yarda cewa tafiyar tana gina bangaskiyar matashi, dole a tambayi wanda ke biyan farashin wannan darasi, kuma amsar ita ce yaro ƙarami wanda ba a nemi izininsa ba.

Hukumomi sun fara motsi. Rahoton Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka kan safarar mutane na 2018 ya ware sashe a kan alaƙar gidajen marayu da safarar yara. A shekarar ce Ostireliya ta zama ƙasa ta farko da ta amince cewa safarar yara zuwa gidajen marayu nau'i ne na bautar zamani, a ƙarƙashin dokarta ta yaƙi da bauta. A 2019 Birtaniya ta sanya gargaɗi a kan irin wannan aikin sa kai a cikin shawarwarin da take ba matafiya, kuma a watan Disamba na shekarar Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri da ya ambaci illolin aikin sa kai a gidajen marayu da sunansa. A cikin coci kuma, littafin Steve Corbett da Brian Fikkert na 2009 kan yadda taimako ke iya cutar da wanda ake taimaka wa ya buɗe muhawara mai faɗi, kuma ƙungiyoyi irin su Faith to Action da Catholic Relief Services suna aiki da coci-coci domin karkata gudummawarsu zuwa ga iyalai.

Wannan karkatawa ba sauka daga kan umarnin Littafi Mai Tsarki ba ce. A cikin Attaura da Zabura da littattafan annabawa, da wuya a ambaci maraya ba tare da gwauruwa a gefensa ba, domin a idon marubutan gida ɗaya ne da ya rasa uba, uwa da 'ya'yanta tare. Zabura 68 da ta kira Allah uban marayu ita ce kuma ta ce yana zaunar da masu kaɗaici a cikin iyali. Labarin da ya fi dacewa da wannan zamani yana cikin 2 Sarakuna sura 4, inda wata gwauruwa ta zo wurin annabi Elisha tana kuka cewa mai bin mijinta bashi zai ƙwace 'ya'yanta biyu. Elisha bai ce ta kawo yaran ya riƙe mata ba. Ya tambaye ta abin da take da shi a gida, ta ce ɗan mai a tulu, kuma daga wannan man aka biya bashin, ita da 'ya'yanta suka rayu da sauran a ɗakinsu. A yau wannan yana nufin biyan kuɗin makaranta ga yaro yana gidansu, jari ga uwa, magani da keken guragu ga yaro mai naƙasa, wurin renon yini domin uwa ta samu fita aiki, da albashin jami'an jin daɗin jama'a masu bin gida-gida. Kuɗin da ke riƙe yaro ɗaya a gidan marayu yakan isa a tallafa wa yara da dama a cikin iyalansu. Abin da wannan aiki ya rasa shi ne hoto mai motsa zuciya da gini mai ɗauke da sunan coci, kuma fastoci da dama sun san cewa wannan ne ke sa tara baiko dominsa ya fi wuya.

Ruwanda ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Bayan ƙidayar da ta samu yara 3,323 a gidaje 33, gwamnati ta amince da tsarin gyara a 2012, aka horar da jami'ai, aka nemo dangi, aka samar da iyalai masu riƙo, aka kuma naɗa 'yan sa kai biyu, mace da namiji, a kowane ƙauye domin sa ido a kan yara, kuma mafi yawan waɗancan yaran sun koma cikin iyali. A Yuganda, tun daga 2016, 'yan'uwa mata na ɗariƙar Katolika da suka gudanar da gidajen marayu shekaru da dama suka shiga karatun aikin jin daɗin jama'a, suna mayar da gidajensu cibiyoyin tallafa wa iyalai. Kenya ma ta ƙaddamar da shirin shekara goma, daga 2022 zuwa 2032, na barin tsarin gidajen.

Haɗarin da ya rage shi ne na cocin da ya ji wannan bayani, ya firgita, ya yanke gudummawarsa a wata guda. Idan aka yi haka an gudu ba a tsira ba, domin gidan da kuɗinsa ya ƙare dare ɗaya zai watsar da yara ba shiri, wasu su koma gidan da suka gudo saboda duka, wasu su ƙare a titi, wasu a kwashe su zuwa gidan da ya fi na farko muni. Dakatar da ziyarar baƙi ga yara abu ne da za a iya yi nan take ba tare da an cutar da kowa ba, kuma ayarin da ke son tafiya zai iya zuwa ya koyi aikin cocin da ke can, ya taimaka wa ma'aikata da ƙwarewar da suka nema da bakinsu. Kuɗi kuwa sai a hankali. Mayar da yaro gida yana buƙatar a gano danginsa, a duba ko gidan ya dace, a fara da ziyara, a shirya yaron da iyayen, sannan a ci gaba da bibiya wata da watanni bayan ya koma, kuma a shekarun farko kashe kuɗi ƙaruwa yake yi, tun da ana riƙe da gidan ana kuma tallafa wa iyalai a lokaci guda. Ma'aikatan gidan suna buƙatar sabon horo da tabbacin cewa ba za a jefar da su ba, in ba haka ba su ne za su fara yaƙar sauyin. Akwai kuma samari da 'yan matan da suka cika shekara 18 a cikin gidan, waɗanda suka manta harshen ƙauyensu, ba su da gona ko gado, ba su san yadda ake cefane ko biyan haya ba, kuma babu wanda ke ɗaukar nauyinsu tun da sun wuce shekarun da hotonsu ke jawo baiko. Su ne suka rungumi ayari bayan ayari suna ƙanana, kuma cocin da ya aika waɗancan ayari ya kamata ya sa kuɗin karatunsu, koyon sana'arsu da hayar ɗakinsu na farko a cikin kasafin mishan na shekarun sauyin.